Idon Kwamanda

Magarya, daren Laraba, kakar 1941

Barci ya ƙi. Yau kwamanda, Baturen mulkinmu, ya sa gardi, ɗan sandansa, ya kai ni bariki. Ta bakin tafinta ya ce tunda ni Kirista ne, addininmu ɗaya, sai in zama idonsa: duk wanda ya tsallaka iyaka ya kai gyaɗa ƙasar Ingilishi, in kawo sunansa. Wai tsaron ƙasa ne, ana yaƙi.

Addininmu ɗaya! Mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa ba, wanda ya shanya ni a rana yana shan barasarsa. Mutanensa da Ingilishi duk sunan Yesu suke kira, amma sun ja layi tsakanin maƙwabcina Malam Idi da garin uwarsa, sun ce a yi gaba. Yaƙinsu ne, su ci abinsu.

Na kai kuka wurin Baturen mishan, ya ce in bi hukuma kada a rufe masa ɗakin magani. Haushinsa ya fi na kwamanda ci mini rai.

Da magariba na kai akushina ƙofar Malam Idi yadda muka saba ciyayya. Ina zama, hira ta mutu. Ya ce, "Malam Bulus, an ce yau ka sha inuwar bariki." Shekara da shekaru hannunmu cikin kwano ɗaya, yau ya ja nasa gefe.

Jibi zai tsallaka, na sani. Jakina zan ba shi. In kwamanda na son suna, ya fara da nawa.