Rasuwar Dakta Adawiyya Badamasi Durun, Uwar Mata Masu Bincike

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Zauren Mata Masu Binciken Lafiya na Gwarzo da Kabo ya samu labarin rasuwar shugabarsa ta farko, Hajiya Dakta Adawiyya Badamasi Durun, ƙwararriyar likitar mata, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan doguwar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiya ta fara bincike tun tana ƙaramar likita, lokacin da take bin ƙauyukan Durun da Jama'a a bayan babur, ko da damina, tana gwada jinin masu juna biyu don gano abin da ke kawo musu jijjiga wajen haihuwa. Da aikin ya fito a mujallar likitoci, sunayen maza huɗu ne a samansa, nata kuwa yana can ƙarshe cikin waɗanda aka yi wa godiya. Ta sha gaya mana cewa ranar ta yi kuka, kashegari kuma ta koma bakin aikinta.

Daga nan ba ta ƙara shiga wani bincike ba sai an daddale tun farko sunan wa zai fito, abin da ya jawo mata suna mai taurin kai, ya kuma jinkirta mata ƙarin girma shekaru da dama. A tsakar gidanta na Gwarzo, a darasin da take yi mana duk Asabar, ta koya wa yawancinmu rubutun bincike, tana gyara mana layi-layi, da faɗa in ta kama. Har yau mata 'yan ƙalilan ne a wannan fage, kuma babu mai matsayinta a cikinmu da za ta tsaya mana.

Zauren yana miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta, Hajiya Furera, da maigidanta, Alhaji Abdulmumini Dabo, da 'ya'yanta. Allah Ya ba su haƙurin jure wannan rashi, Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

A gadon asibiti ta roƙe mu kada a ɗage darasin Asabar saboda ita. Za mu zauna, in sha Allahu, ko da ba mu san wadda za ta buɗe ba.

Sa hannu:
Malama Zubaidatu Uwaisu Kabo
Mai magana da yawun Zauren