Ba Gajiya

Talata da dare, Tumfure

Bayana kamar zai tsinke. Yau na kai Hanifa Arawa mu gaida Gwaggo, yayar babanta. Keke biyu muka hau, ga rana.

Ta durƙusa yadda na koya mata, har na ji daɗi. Sai Gwaggo ta ce, “Ina gajiya?” Yarinyar nan ta buɗe baki ta ce, “Akwai gajiya sosai, gidanku da nisa.” Matan gidan suka kwashe da dariya. Gwaggo kuwa ni ta kalla: “Shekara biyar, ba a koya mata amsa gaisuwa ba?”

A hanya na ce mata, “Ba gajiya ake cewa.”

“Ko na gaji, Mama?”

“Ko kin gaji.”

“Ba ke kika ce ƙarya babu kyau ba?”

Na ja hannunta muka ci gaba da tafiya.

Da magariba ina durƙushe kan wanke-wanke babanta ya shigo, ya ce, “Ina gajiya?” Na ce, “Ba gajiya.”

Hanifa ta kalle ni, sannan ta gyaɗa kai. Ta koya. Ban san me ya sa hakan ya fi maganar Gwaggo yi mini ciwo ba.