Ganyen shayin da na zubar a bola

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya a can ƙasar Sin, kana kuma tsare sallolinka a kan lokaci. Mu nan Daura lafiya lau. Na rubuta wannan inda kowa zai karanta, domin a gaban mutane na yi maganar da ta jawo ta.

Wata bakwai ke nan kana kirana ranar Juma'a kawai. Ka gaishe ni, ka tambayi ciwon gwiwata, ka ce a gaida mutanen gida, ka kashe. Ba ka taɓa yi mini rashin ladabi ba. Amma kai da kake riƙe ni a waya har miyata ta ƙone, yanzu minti biyu ya ishe ka.

Ka tuna saƙon da ka ba ɗan kasuwar nan na Mai'adua ya kawo mini. Curi biyu na ganyen shayi, baƙaƙe, an danne su kamar faifai, an naɗe a takarda. Na shaƙa na ji warin tsohon rumbu bayan damina. Da na tambaye ka, ka ce ana jiƙa ganyen a tara shi a rufe har ya tsima, sannan a ajiye shi shekaru. Iyakar abin da na saurara ke nan. Ni da na ga yadda aka rufe gidajen burkutu da shari'a ta zo, ban ga dalilin da ɗana zai aiko mini da ƙanen burkutu cikin takarda ba. Na faɗa maka ba a gidana ba. Na ce zaman can ya fara cin tarbiyyarka. Ka ce, "Mama, ganye ne fa kawai." Na kashe wayar, na farfasa curi ɗaya na zuba a bola. Washegari a gidan sunan 'yar Gwaggo Hajo na ba matan da suka taru labari, har suka yi ta salati suna yi maka addu'ar shiriya.

Na biyun ya tsira ne don yana ƙasan jaka, ban gan shi ba.

Watan jiya na shiga gidan maƙwabciyata Lami tana buɗe daddawa. Kwana uku kalwar tana rufe, ɗakin duk ya cika da wari, ina tsaye ina yaba yadda ta nuna. Shekara nawa nake zuba ruɓaɓɓiyar kalwa a miya ina bisimilla? Na lalubo curin shayin da ya tsira, na kai wa malaminmu na Islamiyya ɗan gutsure. Ya tambaye ni ko yana sa maye, na ce ban sani ba. Ya ce to wannan ya kamata in fara sani kafin in yanke hukunci. Ni ce fa nake faɗa wa yara haka.

Karon farko na yi shi irin namu. Na zuba da yawa a tukunya, ya yi ta tafasa, na sa citta da kanumfari da sukari da madara. Ya fito baƙi ƙirin, da ɗaci kamar maɗaci. Sai da na zazzage jakar na ga 'yar takardar da ka rubuta mini da hannunka, ka ma ja layi a ƙarƙashin "kada a tafasa ganyen".

Yanzu ga yadda nake yi, ka gyara mini in akwai kuskure. Ina ɓantarar kamar rabin goro da bakin wuƙa, a hankali don kada ya zama gari. In sa a ƙaramar butar shayi. In ruwa ya tafasa in zuba, in tsiyaye nan take in zubar, wankin ganyen ke nan. Wannan zubarwar ta daɗe tana yi mini ciwo, ka san ni da almubazzaranci. In sake zuba wani ruwan, in ƙirga ashirin, in tsiyaye duka a kofi, kada ko ɗigo ya kwana a kan ganyen. Babu sukari. Ganyen nan ɗaya yana ba ni kofi shida ko bakwai, ina ƙara ƙirgen kaɗan kowane zagaye. Na uku ya fi daɗi: ja kamar zuma, babu ɗaci, yana sauka lafiya bayan tuwo. Ragowar curin yana cikin takardarsa a saman sif, nesa da manja da turaren wuta, don ka ce yana ɗaukar wari.

Bayan la'asar nake sha, a tabarmar bakin ƙofar ɗakina. Yayunka mata suna gidajensu. Lami ta kurɓa sau ɗaya ta ce ruwan ƙasa ne, ba ta ƙara ba. Kofi bakwai yana da yawa ga mutum ɗaya, Auta. Shayin nan don hira aka yi shi, kuma bai sa ni maye ba ko sau ɗaya, sai dai tunani.

Ba zan janye abin da na koya maka ba. Haram haram ce ko a Daura ko a Sin, kuma zan ci gaba da tambayarka sallar asuba har in mutu. Amma ka tuna da ni a ƙasar da ba ka da kowa, ka zaɓo abin da kake ganin zai yi wa cikina daɗi, ni kuma na mayar da kai mashayi a bakin mata. Na koma wurin Gwaggo Hajo na warware, sauran da suka ji su karanta a nan.

Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalmar ba, shi ya sa ta daɗe a maƙogwarona. Na zalunce ka. Ka yafe mini.

Allah ya tsare mini kai, ya tsare imaninka, ya sa albarka a karatunka, ya dawo da kai ina da rai. Ya raba ni da saurin hukunci a ragowar kwanakina. Amin.

Mahaifiyarka,
daga Daura.