Maganin Mu'azu da Goggo Ta Rabar

Sabon Gari, Jega,
Jihar Kebbi.
Maris, 2007.

Zuwa ga Yayana Hafizu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ta kewa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Mardiyya da yara. Allah Ya ƙara maka buɗi, Ya tsare ku a wannan ƙasa da ruwan sama ba ya gajiya da zuba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara kunno kai. An shiga cirar albasa, daga Aliero har ƙauyenmu Jiga Makera warinta ne ke fara yi maka maraba, manyan motoci kuwa sun jeru bakin hanya suna jiran lodi, na san wasunsu wurinku za su sauke. Ƙanwarmu Barakatu ta sauka lafiya a Maiyama, an samu namiji, hancin Baba sak, Allah Ya ba shi haƙurin ɗaukarsa.

Yaya, maganar ƙanenmu Mu'azu ce ta sa na zauna rubutu. Ka karanta har ƙarshe kafin ka tayar da hankalinka, don na san halinka. Tun bara da aka auna jininsa a asibiti a Birnin Kebbi aka ce ƙanjamau ce, mu huɗu muka riƙe maganar, ni da kai da shi da matarsa Salima, wadda Allah Ya sa nata jinin ya fito lafiya. Goggo kuwa, duk da ita ta rene mu bayan rasuwar Inna, ce mata muka yi maganin ƙarin jini aka ba shi. Mun ji tsoron kada ta kasa ɗauka.

To, ka san Goggo da magani. Tun muna yara ɗakinta ne asibitin unguwa, saiwa da sassaƙe da ƙulle-ƙulle duk suna cikin kwallar nan ta ƙarƙashin gado, kuma a wurinta hana maƙwabci magani daidai yake da hana shi ruwan sha. Duk maganin da ya shigo gidan a kwallarta yake kwana. Haka kwalaben Mu'azu suka shiga, ba shi da bakin hanawa. Ita ke kiransa safe da yamma ta zuba masa a tafin hannu, har na riƙa jin daɗi cewa ya samu mai tuna masa. Maganin kuma ya karɓe shi. Mutumin da ka bari ƙashi da rai, sai an riƙe shi a kan babur, ga shi da kaka yana dashe a fadama yana yi wa Salima tsiyar tuwonta bai ƙosar da shi ba.

Ashe idon mutane na kansa. Tsohuwa A'i ce ta fara zuwa da ciwon gwiwarta, ta ce a ɗan sam mata maganin Birni da ya ta da Mu'azu. Goggo ta ƙulle mata a takarda. Sai Bala mai kabu-kabu da zazzaɓinsa, sai wata da ke son ta yi ƙiba, har daga Maiyama an aiko. Mu'azu ya ga kwalba na ƙarewa wata bai ƙare ba, ya gane abin da ke faruwa, amma nauyin Goggo ya hana shi magana, don in ya hana sai ya faɗi dalili. Sai ya ɓullo da dabarar manomi, irin yadda suke jan taki ya kai ƙarshen gona. Ya ce mata an rage masa sha, yau ya sha, gobe ya tsallake. Ko Salima bai gaya wa ba.

Asirin ya tonu ne ranar awon jini, ni na raka shi. Mu'azu na cikin waɗanda suka yarda a riƙa bibiyar jininsu don bincike, ana ɗibar kaɗan a aika wani babban ɗakin gwaji. Likitan ya duba sakamako ya ɗago kai, ya ce sojojin jikinsa sun ja baya, ya tambaye shi ko yana tsallake magani. Mu'azu ya faɗi gaskiya. Ni kam da ba asibiti ba ne, da na yi masa wankin babban bargo. Likitan bai yi faɗa ba, zaunar da mu ya yi ya bayyana mana. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙwayoyi masu tsaron jiki, su yake kira sojoji, kuma su ne abincin wannan cuta. Maganin ba ya kashe ta ƙurmus, danne ta yake yi don sojojin su samu su hayayyafa. Masu bincike sun gano cewa in ana sha ana tsallakewa, cutar na samun sararin sake kama, har ta daina jin maganin. Mu'azu ya ce kamar ƙwarin albasa ke nan da suka saba da feshi, likita ya ce ya fahimta sarai. Ya ce akwai wani maganin da ake komawa gare shi in wannan ya gaza, amma samunsa da wuya a nan. Ba za a san ko cutar ta riga ta saba ba sai ya koma sha kan ƙa'ida an sake awo bayan 'yan watanni. Wallahi Yaya, a motar dawowa Jega kuka na yi ta yi cikin mayafi.

Babu sauran ɓoyo, dole Goggo ta ji. Na ce ni zan faɗa tunda kowa ya san bakina, Mu'azu ya ce a'a, nauyinsa ne. Bayan la'asar muka same ta tana tsinkar zogale, ya durƙusa ya gaya mata sunan ciwon. Na ƙara da abin da likita ya koya mana, cewa ba a ɗaukarsa ta kwano ko moɗa ko cizon sauro, sai ta jini, ko kwanciyar aure, ko daga uwa zuwa jariri. Goggo ba ta tambayi inda ya samo ba. Cewa ta yi mi ya hana mu gaya mata, ita ɗiya ƙarama ta da za a ɓoye wa? Sannan ta tambaya, wato abin da take ƙulle wa mutane a takarda ran ɗanta ne?

Washegari ta yafa gyale ta bi gida-gida tana karɓo abin da ya saura. Tsohuwar da ba ta taɓa neman a mayar mata da ko allura ba, ga ta a ƙofar mutane tana cewa wanga magani na mutum guda na, ita ta yi kuskure. A'i ta kwance nata daga bakin zane tana mita, wai dama ƙuraje ya fesa mata, gwiwa kuwa na nan yadda take. Bala ya ce shi jiri ya yi ta ɗibarsa har ya kusa zubar da fasinja a hanyar Aliero. Mun kai su an duba su, ba wani mugun abu da ya same su. Abin da Goggo ta tattaro, likita ya ce ba za a sha ba, an ba Mu'azu sabo. Ta raba kwalabensa da kwallar, ta sa Salima ta ɗinka musu jaka, tana rataye da ita a wuya cikin riga. Yanzu ko minti ya wuce za ka ji muryarta har fadama.

Makon jiya aka koma awo, Goggo ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ka san yadda wurin yake, kowa ya sunkuyar da kai, mata sun ja mayafi har hanci, ba mai son haɗa ido da wani. Aka kira mu muka shiga. Likita ya duba ya yi murmushi, ya ce sojojin sun sake hawa, alama ce maganin na nan da ƙarfinsa. Ya ce ba a kai ga maganin warkewa ba tukuna, ana kan nema, kuma za su ci gaba da sa ido, amma mai sha kan ƙa'ida zai iya noma gonarsa ya ga girman 'ya'yansa. Goggo ta sa na maimaita mata. Muna fitowa baranda, sai kawai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, irin ta ranar suna. Ma'aikata suka fito a guje, Mu'azu ya rasa inda zai sa kansa. Ta dubi mutanen da ke kan benci ta ce jinin ɗanta ya tashi, su ma nasu zai tashi, su dai sha, kada su ba kowa ko da uwarsu ce ta roƙa. Wurin ya ɗauki dariya. Wata yarinya da ke ƙarshen benci, wadda tun safe ban ga fuskarta ba, ta sauke mayafinta ta ce a yi mata guɗar ita ma, ba ta da wanda ya rako ta. Goggo ta je ta zauna kusa da ita, ba mu bar asibitin ba sai da aka kira yarinyar ta fito.

Ka gaida Mardiyya da kyau, da ɗanka Waliyyu da ƙannensa. Goggo na sa maka albarka, ta ce kai ma akwai faɗanka a ajiye. Mu'azu da Salima na gaisuwa, haka Barakatu da mijinta Alu. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai kewarka,
Iklima.