Kwanar Bakin Korama

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Na kayar da Inna yau. A hanyar kai ta wurin likita a Illela wankin ciwon ƙafarta, daidai inda ruwa ya cinye hanya. Dole mutum ya juya moto, wato babur, ya koma baya a ɗan wuri, nan korama, nan shingen ƙaya. Na damƙe birkin gaba, sai ga mu ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Gara ma ta zage ni.

Talata, 8 ga Oktoba
Na roƙe ta ta riƙa zama ƙafa nan ƙafa can. "Ni da jikoki? Allah shi kiyaye." A karkace za ta zauna, nauyinta duk gefe guda. Sauke ta kuma sai mutum biyu, ga wurin ba kowa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Mika'ilu bakanike ya sa na juya gabansa. Dariya har da riƙe ciki, ɗan banza. "Mi kake kallo cikin rami? Birkin baya, rabin kuloci, ka waiga inda za ka." Na ɗaura buhun gero a karkace, ina ta juyi bayan gari. Ni da buhu mun sha ƙasa.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Ƙafar ta fara wari. Tsoro nake ji.

Litinin, 14 ga Oktoba
Mun kai kwanar, na tsaya. Na kashe moto, na goya ta na tsallakar, na dawo na tura. Ta yi sauƙi a baya, sauƙin da ban so ba. A kunnena ta ce, "Labo, ba kai ka sa min ciwon ga ba."

Alhamis, 24 ga Oktoba
Bayan la'asar aka kai ta makwancinta.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Na tafi Illela, ba wani dalili. Kwanar ta juyu lafiya lau, ko ƙafa ban sa ƙasa ba. Kafin in shiga na ji bakina ya ce, "Riƙe ni, Inna." Buhun yana nan ɗaure. Aishatu matata ta tambaya ko a kai shi niƙa, na ce a bari tukuna.