Rumfuna Arba'in da Ɗaya a Kasuwar Kamwanya

Zuwa ga: Farfesa Lubasi Imasiku, Shugaban Kwamitin Ɗa'ar Bincike, Jami'ar Kalundwe
Daga: Dakta Mutinta Hamaundu, Sashen Nazarin Tattalin Arziki
Rana: Laraba, 14 ga Agusta, 2019

Game da: Tona asirin matan da suka ba ni amana a binciken harajin kasuwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, wannan ita ce takardata ta uku a kan batun. Biyun farko har yau shiru.

1. Daga Fabrairu zuwa Yuni na bara na yi hira da mata arba'in da ɗaya a kasuwar Kamwanya kan abin da ke sa su kauce wa harajin rumfa. Sun buɗe mini cikinsu ne bisa alkawarin cewa ba wanda zai san wa ta ce me. Hatimin kwamitinka ne a kan wannan alkawari.

2. Na sauya sunayensu a rahoton. Amma kwamiti ya ce lallai in ajiye takardun yardarsu, masu ɗauke da lambar rumfa da dangwalen yatsa, na kuwa ajiye. Ranar 3 ga Yulin bana ɗakin karatu na jami'a ya haɗa rahoton da takardun ya ɗora a intanet. Wa ya ba da izini? Na yi ta sintiri tsakanin ofisoshi huɗu, kowa na nuna na gaba.

3. Ranar 22 ga Yuli ni da abokan aikina muka gabatar da binciken a taron jama'a. Jami'in haraji na ƙaramar hukuma ya fi kowa rubutu, mu kuwa har murna muke wai gwamnati ta fara saurarenmu. Ashe! Ranar 9 ga Agusta aka manna takardar gargaɗi a rumfuna arba'in da ɗaya, ba ƙari ba ragi: a biya harajin shekara biyu, ko a garƙame ranar Litinin, 19 ga wata.

4. Bina Choolwe, mai sayar da busasshen kifi, wadda ke riƙon jikoki huɗu, ita ta tsaya mini har sauran suka yarda. Yanzu 'yar rahoto ake kiranta. Kunya ta hana ni sakat, ranka ya daɗe.

Saboda haka ina roƙo a sauke takardun a yau, jami'a ta rubuta wa ƙaramar hukuma ta dakatar da garƙamewar, kuma wani babba ya bi ni kasuwa ya faɗa da bakinsa cewa laifin namu ne. Kwana biyar suka rage.

Jiya na je wurin Bina Choolwe. Ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi. Zanen ɗaurawar da na ba ta kyauta ranar da muka gama hira ta miƙo mini a ninke, wankakke, ta juya ta ci gaba da awon kifinta. Na haɗo shi da wannan takarda, don a sa shi cikin fayil.

Da ladabi da biyayya,

Dakta Mutinta Hamaundu