Famfon Ɗakin Girki

Dengfeng, Guangzhou

Zuwa ga jikata Najiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyayenki da ƙannenki, amin. Mu nan sai godiya. Ƙafar da aka yi mini aiki ta fara ɗaukar nauyina, ko da yake baffanki Saifullahi ya zama ɗan sanda a kaina, ko ƙofar gida ba ya bari in leƙa ni kaɗai. Matarsa Surayya tana iya ƙoƙarinta, sai dai har yanzu shayinta salam yake. Ita ma ta sani.

Na karanta littafin da kika rubuta, da fensir a hannu. Kin ɗauki labaran da nake ba ki na zamana a Rasha ina ɗalibin injiniya, kin gina musu gida: kaka, da 'yarta, da jikarta, da littafin da hukuma ta haramta. Madalla da amaryata. Gyarana ɗaya ne: a jirgin ƙasansu ba a kofin tangaran ake ba da shayi ba, a gilashi ne mai mariƙin ƙarfe. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙonki cewa kafin ki miƙa wa masu bugawa za ki cire babin da aka zo aka tafi da kakar saboda tana kwafar littafin da tafireta, wai kada a ce da manyanmu na gida kike. Na tambayi baffanki ko wani ne ya umarce ki, ya ce babu kowa.

Makon jiya ya kawo mana baƙuwa cin abinci, Ulyana, 'yar Rasha mai yi wa 'yan kasuwa tafinta a baje kolin Pazhou. Kusan sa'arki ce. Da ta ji Rashancina ta yi ta dariya, ta ce ina magana kamar mai karanta labarai a rediyon da. Muna ɗakin girki na tambaye ta labarin kakarta. Kafin ta amsa sai ta miƙa hannu ta buɗe famfo, ta bar ruwa yana zuba, sannan ta rage murya ta ce an taɓa korar kakar daga aiki saboda wasu takardu da aka samu a gidanta. Surayya ta zaci hannu za ta wanke, har ta miƙo mata sabulu. Ni kuwa na gane. Haka ake yi a can a zamaninmu, domin ƙarar ruwa ta rufe magana idan an dasa na'urar sauraro a bango. Na tambaye ta wa take tsoro, ta dubi famfon ta ce ba ta ma san ta buɗe ba. Haka ta ga mahaifiyarta tana yi, mahaifiyar kuma ta gani wurin kakar. Gwamnatin da ta koya musu wannan ta rushe tun kafin a haifi yarinyar. Nan take baffanki ya kwashe da dariya, ya ce shi ma tun yana yaro bai taɓa jin na yi zancen siyasa ba sai a gindin famfo, har ya ɗauka ruwa nake so.

Najiba, an ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, ke macijin nan bai sare ki ba, ni ma huci kawai ya yi mini. Ba na son abin da za ki gada a wurina ya zama gudun tsumma. Babin nan shi ne zuciyar littafin. In mai bugawa ya ƙi shi, za mu nemi wani. In an yi surutu, ki ce kakanki ne ya ba ki labarin, ga ni da raina. Kuma na yi wa Ulyana alkawari zan juya mata babin zuwa harshensu daga bugaggen littafi, ta karanta wa mahaifiyarta. Kada ki mai da tsoho maƙaryaci.

Ki gaishe da mahaifinki Ilu, da mahaifiyarki Jumai, da autarku Hindu. Ghali, abokin kasuwancin baffanki, shi zai kawo miki takardar nan idan ya gama lodin kayansa a tashar jirgin ruwa ta Huangpu. A ɗakin girki na rubuta ta, na kuma karanta wa mutanen gida da babbar murya, famfo a rufe.

Kakanki mai ƙaunarki,
Injiniya Babayo